Dattijon da Ke Neman Hannunsa a Kwamfuta

Dattijon nan ya lashi yatsa, ya dangwala gilashin kwamfutar Mannir mai buga kati, wai zai buɗe shafi na gaba, sai ka ce littafi. Duk wanda ke shagon buga kati na bakin kasuwar Batsari ya fashe da dariya. Shi kuwa goge yawun kawai ya yi da hannun riga.

Babu wanda ya san shi. Lakar da ke takalminsa dai ta nuna daga wajen Wagini ya fito. Rigar ta yi masa yawa, da gani an ɗinka ta ne shekarun da rumbu ke cika. Ya jera biro uku a aljihu, amma hannun dama rawa yake kamar an ɗora shi a kan injin niƙa. Wataƙila shi ke rubuta wa ƙauyensu wasiƙa kafin waya ta shigo.

Katin auren autarsa ya zo bugawa, yana son haruffa masu kama da rubutun hannu. Mannir yana ta nuna masa kala-kala, mai kwanciya, mai jela, shi kuma yana girgiza kai. Can ya zaro wata tsohuwar takarda, rubutunsa na da reras kamar kitso, ya kara ta jikin gilashin.

"Baba," in ji Mannir, "tunda duk ba su yi ba, ka rangaɗa da kanka mana."

"Buga mai jelar kawai, yaro. Da hannun nan yana jin magana, da yanzu kai da akwatin naka kuna tallan gyaɗa."