Billen da Sahabi Bai Sa Ba

Da kakar bana shekara shida ke nan da rasuwar ƙanena Sahabi, mai zane. Wasu daga cikin masu karatu a nan Tawa sun san shi ko da ba su san sunansa ba. Shi ne dogon nan da yake zama gefen masu goro ranar kasuwa, da wani allo mai haske a cinyarsa, yana kallon tsofaffi kamar ya taɓa saninsu a wani wuri. Ni yayansa ne, magini. Lokacin da ya rasu ban iya rubuta sunana ba. Wannan da hannuna na rubuta shi, a hankali, malaminmu na ajin yaƙi da jahilci ya duba mini inda na tsallake harafi.

Abin cin Sahabi zanen allunan shaguna ne da hotunan da ake liƙawa a asibiti. Amma aikin da ya ɗauka nasa shi ne fuskoki. Ya sayi tsohuwar tabulet a hannun wani da ya dawo daga Aljeriya, da alƙalaminta wanda ba ya shan tawada. A cikin waya ya haɗu da masu zane na ƙasashe, waɗanda kowace shekara suke ware wata guda, kullum a ba su kalma ɗaya kowa ya zana ya nuna. Ya shiga sau ɗaya. Ya ce mini rabin kalmomin abubuwa ne da bai taɓa gani ba, har da wata dabba da take kwana cikin ƙanƙara. Da shekara ta zagayo sai ya sa wa kansa tasa gasar: kullum fuskar tsoho ɗaya ko tsohuwa ɗaya mai aska a fuska, har watan ya ƙare.

Yakan ce wanzamai sun daina, kuma bai ce a koma ba. Shi kansa bai yarda an taɓa fuskar ɗiyarsa ba. Abin da yake damunsa shi ne nan gaba kaɗan duk zanen nan zai koma ƙarƙashin ƙasa, ba wanda zai iya cewa ga na gidan wane, ga na mutanen wane gari. Saboda haka yake tare mutanen Bambeye da na Takanamat in sun shigo kasuwa, ya saya musu goro, ya roƙe su su zauna. Wasu sun ƙi, suka ce ba kyau a zana mai rai, shi kuma ba ya musu da su, sai ya yi godiya. Wata tsohuwa ta yarda da sharaɗin ya rage mata tamoji amma kada ya taɓa zanen gidan ubanta. Wani Buzu ya zauna masa da daɗin rai amma ya ƙi sauke rawaninsa daga hanci, Sahabi ya dawo gida da idanu biyu kawai yana dariya.

Da na tambaye shi yadda abin yake aiki, da maganar gini ya fahimtar da ni. Ya ce hoton hawa-hawa ne. Na ƙasa shi ne tubali, wato ƙashin fuska. A kansa sai yaɓe, wato fata da launinta. Sannan haske da inuwa. Kowane hawa zaman kansa yake, kana iya ɗage shi ka gyara ba ka rusa na ƙasa ba. Aska kuwa ita ce hawan ƙarshe, kuma ba ya sa ta sai ya tambayi mai fuskar: wane gida, wane wanzami, daga ina ta tashi, ina ta tsaya. Ko yana ganinta da idonsa sai ya tambaya.

Mahaifiyarmu, Inna, ta rasu Sahabi bai riga ya fara wannan aiki ba. Ba ta bar hoto ba. Na katinta na ɗan ƙasa ɗaya ne, ruwa ya cinye shi shekarar da ɗakinta ya yi yoyo. A shekararsa ta ƙarshe Sahabi ya ce zai rufe watan gasarsa da ita, daga abin da ya tuna. Ranar da ya nuna mini, nan take na gane ta. Goshinta ne, da yadda take matse baki in tana jin magana ba ta yarda ba. Ya sa siraran layukan gidansu a gefen idanu. Abu ɗaya ya rage, bille, tsagar nan guda da take tasowa daga karan hanci ta gangara kumatu. A nan muka saɓa. Shi ya ce a damanta take, ni na ce a hagunta.

Ya ce, "Yaya, kai ɗan fari ne. Yaushe ka taɓa kallon Inna ido da ido? Ni auta, bisa cinyarta na girma."

Na ce, "Bisa cinyarta ka girma kana barci. Ni da ido buɗe nake."

Ya yi gaskiya a rabin maganarsa. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba har ta bar duniya. In na shigo sai ta kau da kai, in za ta ba ni abinci sai ta aje ta ce a faɗa wa wancan. Haka ake yi wa ɗan fari, ban taɓa ɗaukarsa ƙiyayya ba. Ƙanwarta Iya Habsu ce ta riƙe ni a gidan da ke jikin namu a Kalfu. Amma akwai wata kafa a dangar da ta raba gidajen biyu, kuma da hantsi Inna takan zauna gindin itacen bedi tana kaɗin auduga. Ta kafar nan na san fuskarta. Na faɗa wa Sahabi haka, ya ce mai leƙe ta danga ba ya bambanta hagunsa da hagun mutane. Muka yi ta ja har matarsa Zalika ta aiko daga ɗaki cewa tuwo ya huce. Muka tsaya a kan in an gama girbi za mu je Kalfu, Iya Habsu ta raba mu. Kafin nan ya tura hoton yadda yake, babu bille, cikin zauren danginmu na waya, ya tambaya ko akwai wanda ya tuna. Ba wanda ya tuna.

Ba a gama girbin ba zazzaɓi ya kama shi. Mun ɗauka irin wanda aka saba ne. Aka kai shi asibiti, bai fito ba.

Da Zalika ta fita takaba za ta koma gidansu, ta ba matata tabulet ɗin a naɗe cikin kallabi ta kawo mini, don ita ba ta iya miƙa wa yayan mijinta abu hannu da hannu. Na daɗe ban buɗe kallabin ba. Da na buɗe sai allon ya ƙi jin yatsana. Siminti ya busar da fatar hannuna, in na taɓa kamar ba a taɓa ba, sai da alƙalamin. Kuma ko na shiga, rubutu ne ko'ina. Nakan sa mata wuta lokaci-lokaci don kada ta mutu, in kalli Inna, in rufe. Kalfu kuwa na je sau da yawa, biki da ta'aziyya, amma ban iya ɗauko maganar ba. Tafiya ce tamu mu biyu, ni da Sahabi.

Shekara uku da suka wuce na shiga ajin manya da ake yi bayan la'asar. Ni da na iya miƙe bango ba igiya, sai ga shi layi ɗaya na alli ya gagare ni. Na yi haƙuri. Ranar da na fara haɗa baƙi, na koma na buɗe hoton Inna, na ga ashe Sahabi da Hausa ya sa wa kowane hawa suna. Ƙashi. Fata. Inuwa. Na can sama ya rubuta masa "billen Inna". Na taɓa shi, babu komai a ciki.

Sau da yawa ina tunanin me Sahabi zai ce da ya ga abin da waya take yi yau. Yanzu mutum yana faɗa wa waya ta zana masa raƙumi bisa gada, kafin ya aje kofin shayi ta gama. Na san halinsa, ba zai zage ta ba. Yana son sabon kayan aiki kamar yadda nake son sabon cokalin gini, da ya kwana biyu yana wasa da ita yana kirana in zo in gani. Amma akwai abin da ya faru bara wanda ban san ko zai yi masa dariya ba.

Wani ɗan'uwanmu da yake bida, wato ci-rani, a Abijan, da kyakkyawar niyya, ya ɗauki hoton da Sahabi ya tura tun da, ya sa shi cikin irin wannan abin, ya ce ya mayar da shi kamar na kamara. Abin ya mayar. Ya ga layukan gefen ido ya ɗauka ƙarzuwa ce, ya goge su. Ya haska fatar, ya cika kumatun, ya ƙara mata ɗan kunne na zinari. Wata kyakkyawar mata ta fito wadda ba ta taɓa daka gero ba. Dangi suka yi murna, aka yi ta addu'a a ƙarƙashinta, wasu suka wanke ta suka rataye a ɗaki. Jikokin Inna da ba su san ta ba suka ce ashe kakarsu haka take. Na yi magana sau ɗaya, aka ce mini ai wannan ya fi kyau. Abin da ya tsorata ni ba su ba ne. Wata rana ina bisa tsani na so in tuno fuskar Inna, sai matar nan mai zinari ta zo mini.

A cikin watannin nan kuma bayan tabulet ɗin ya fara kumbura. Mai gyara ya ce batirin ne, irinsa ba ya samuwa, in yi abin da zan yi da wuri. Iya Habsu kuma idonta ya tafi, ana cewa wani lokaci tana kiran matattu kamar suna tsakar gida. Sai na hau mota zuwa Kalfu ni kaɗai.

Na same ta a inuwa tana ɓarar gujiya. Tun kafin in yi sallama ta ce Manu ne, ta san tafiyata, kamar jakin da aka yi wa lodi gefe ɗaya. Muka gaisa, ta tambayi yara, ta tambayi Sahabi. Can ta ce, "Allah shi jiƙan shi, na tuna." Sannan na faɗa mata abin da ya kawo ni, da gardamar da muka yi.

Ta ce billen ba na gidansu ba ne, shi ya sa ita ba ta da shi. Uwarsu ta yi ta haihuwa suna komawa, da anka haifi Inna sai kakarsu ta sa wanzami ya ƙara mata askar baƙi, wai in mutuwa ta zo ta ga ba ɗiyar gidan ba ce ta wuce. Ta ce aikin mutanen da ne, Allah shi yafe musu, amma dai Inna ta zauna. Na ce to wane gefe. Sai ta ce in matso. Ta laluba fuskata da hannunta mai ƙurar gujiya, ta sami karan hancina, ta ja yatsa a hankali ta gangara kumatuna na hagu. Kafin ta ɗaga sai ta ɗan lanƙwasa shi sama. Ta ce an ba su labari jaririyar ta juya kai wanzami bai gama ba, sai askar ta yi wutsiya.

Na ce, "Iya, ashe ban yi kuskure ba. Ta kafar danga na gani."

Ta ce, "Kafar da munka toshe sau nawa tana buɗewa? Kai kana tsammani akuya ce? Uwarka ita ka zare karan. Kuma duk faɗin gidan nan, mi ya sa ba ta kaɗi sai gindin bedin nan?"

Ta koma ɓarar gujiyarta, ta ce in zan yi kuka in matsa can kada in jiƙa mata.

A nan gabanta na buɗe hawan da Sahabi ya bari, tun sawun yatsanta bai bar kumatuna ba. Na ja layin ya karkace, na taɓa kibiyar da take mayar da aiki baya, na sake. Na yi ta sakewa har rana ta sauka daga kan rumbu. Wanda na bari bai kai na Sahabi ba, duk mai ido zai ga hannu biyu ne a hoton. Amma yana hagu, kuma yana da wutsiyarsa. Da na dawo Tawa malaminmu ya taimake ni muka kwashe shi da sauran fuskokin duka zuwa wani wuri kafin batirin ya ƙarasa. Na tura cikin zauren dangi. Wasu sun amsa, wasu ba su sauke mai zinarin daga bango ba, ban kuma ce su sauke ba.

In an tambaye ni abin da ya rage na Sahabi, akwai fuskokin nan, waɗanda yawancin masu su sun bi shi. Wani lokaci baƙo yakan zo har wurin aikina ya ce an ce akwai hoton babansa, in nuna masa, ya daɗe yana kallo. Akwai ɗiyarsa, mai kama da shi a tsawo. Akwai kuma halinsa na ƙin sa layi sai ya tambaya. Da ya bi son ransa ya sa billen a dama ya rufe aikinsa, da ban je Kalfu da wannan tambaya ba, da kuma Iya Habsu ta tafi da abin da ta sani game da ni da Inna.

Gardamar dai ni na ci ta, Sahabi. A hagu yake. Tun daga Kalfu har tashar Tawa ina shirya irin tsiyar da zan yi maka, sai da na sauka daga mota na rasa gidan da zan nufa da ita.