Mangwaron Inna

Innarmu ta rasu da bazara, a shekarun nan da Shari'a ta zauna da gindinta a jiharmu, kowa ya koyi ɗora "fi sabilillahi" a kan duk abin da zai yi, ko da kwangilar kwalbati ce. Baba bai yi kuka a gaban kowa ba. Damuwarsa ɗaya ce, yana son ya yi mata wani abu da ladansa zai riƙa iske ta a kabari. Ya so haƙa rijiya, ƙarfinsa bai kai ba. Tsohon mai fataucin dabbobi ne da ciwon gwiwa ya zaunar, ni kuwa babban ɗansa malamin firamare ne, ba sai na yi dogon bayani ba.

Da damina ta faɗi sai mota mai lasifika ta fara zagaya unguwannin Daura. Wai wani kwamiti ya haɗa kan garuruwan masarauta, sun ƙulla ƙawance da wani birni na ƙasar Turawa don yaƙi da ɗumamar yanayi. Hayaƙin motoci da injina ne ke zafafa duniya, itatuwa ke shanye shi, saboda haka kowane gari zai dasa abin da zai shanye nasa hayaƙin har a tashi canjaras. Ni ban ƙi maganar ba. Wanda ya taɓa yin azumi a ɗakin kwano da bazara a garin nan ba ya bukatar lacca a kan zafi.

Limaminmu ya ɗauki zancen bayan sallar Asuba, ya ce dashen itace sadaka ce mai gudana, tsuntsu ya ci ko mutum ya sha inuwa, lada na tafiya. Baba ya dawo gida fuskarsa a sake, abin da rabona da gani tun ranar jana'iza.

Titinmu aka zaɓa don bikin. Aka haƙa ramuka a jere, aka kafa rumfuna, aka tayar da janareto biyu suna ta aman baƙin hayaƙi a fuskar masu jawabi a kan illar hayaƙi. Motocin manya kuma ba a kashe su ba, don kada ciki ya huce kafin masu su su dawo. Manyan baƙin kuwa Turawa ne biyu, sun yi jajur, suna ta murmushi da ɗaukar hoto, da ganinsu da zuciya ɗaya suka zo. Ma'aikata suka riƙa zura dashe a rami tare da baƙar ledar da aka raine shi a ciki, su tura ƙasa da ƙafa. Shugabansu, wani mai tumbi da koriyar hula, yana bin layi yana cewa kada kowa ya cire leda, sabuwar dabara ce ta zamani.

Ramin ƙofar gidanmu mangwaro ya samu. Baba ya dogara sandarsa ya isa wurin mai hular.

"Ɗana, in na kula da wannan, zan iya yin niyyarsa ga mai ɗakina da ta rasu?"

"Allah Ya jiƙan ta, Baba. Naka ne halak malak, ka dai riƙa ba shi ruwa."

Ana watsewa Baba ya ɗauko reza. Ya tone dashen a hankali, ya tsaga ledar ya yar, ya zuba takin awaki, ya mayar da ƙasa, ya kewaye shi da ƙaya. Na tuna masa abin da aka ce. Ya ce ni da nake malamin boko in gaya masa ta ina saiwa za ta fita. Daga ranar ya mayar da alwalarsa gindin mangwaron. Da ya fitar da sabon toho ja, sai da Baba ya aika aka kira ƙannena mata daga gidajensu su zo su gani. Ba ya cewa mangwaro, sai dai "na Innarku".

Bayan 'yan makonni, wata safiya ina shirin tafiya makaranta, sai ga a-kori-kura ta tsaya a bakin titi. Ma'aikatan nan ne. Suna bin ramuka suna zaro dashe ɗaya bayan ɗaya cikin ledarsa, kamar ana kwashe burodi daga tanda, suna jerawa a bayan mota. A nan na gane sabuwar dabarar. Da suka zo namu, suka ture ƙayar, suka ja, ya ƙi fitowa.

"Wa ya cire wa wannan leda?" in ji mai hular.

"Ni ne, ɗana," in ji Baba. "Kai ka ce nawa ne."

"Naka ne mana, Baba, aro za mu yi. Baƙi sun dawo zagaye na biyu, jibi suna garin Sandamu, kuma dole adadi ya cika."

"Ai ya riga ya kama ƙasa."

"To ka ga illar rashin bin umarni ke nan."

Ban san lokacin da na sha gaban mai hular ba. Na gaya masa maganganun da ba zan rubuta su a nan ba, kuma har yau ban ga wadda zan janye ba. Maƙwabta suka riƙe ni. Baba ne ya kashe ni da magana, ya ce kada in yi faɗa a kan abin Innarmu, lada ake nema. Suka sa shebur. Ina jin ƙarar saiwa tana tsinkewa. Wani ya tsinci ledar burodi a kwata ya cusa shi a ciki, aka jefa mota.

Aka bar mana ramuka. Ruwa ya cika su, sauro ya samu gidan haya. Da yamma rediyo ya riƙa yabon garuruwanmu, wannan ya dasa kaza, wancan ya dasa kaza, misali ne na haɗin kai ga sauran birane. Lallai an haɗa kai, tunda dashe ɗaya ake karɓa-karɓa.

Baba ya jira a dawo da aro, shiru. Ran nan ya ce in kai shi Sandamu, ko ba za a ba shi ba ya gan shi, ya ba shi ruwa. Na ce a Sandamu ma akwai ruwa, ya ce ba ruwansu zai je roƙo ba. Na goya shi a babur, ya rungume jarka a cinyarsa, ga gwiwar nan tasa.

Abin da muka tarar shi ne allo mai sabon fenti da ramuka a jere a bayansa. Wani mai faci a gefen titi ya ce ai an kwashe su tun tuni, an yi wani gari da su ta wajen iyaka.

"Sai guda ɗaya da suka yar a can," ya nuna mana kwalbati. "Wai ya ɓata musu layi."

Yana nan cikin ledar burodinsa, ganyen ya bushe ya nannaɗe. Baba ya sunkuya da ƙyar ya ɗauko shi, ya kankare jikin icen da farce yana neman kore, ya sake kankarewa ta ƙasa. Ya daɗe yana dubansa.

"Laifina ne," ya ce. "Da na bar shi a ledarsa yadda suka ce, da yanzu yana da rai."

Na ce masa ba haka ba ne, na rantse masa ba haka ba ne, ban ga alamar ya ji ni ba. Ya miƙo mini jarkar, ya ce in zubar da ruwan, ta yi masa nauyi.