Kai wa Inna Hoton Labbo

Tudun Wada

Na bar shagona na ɗaukar hoto bayan sallar asuba, da hoto ɗaya baƙi da fari a aljihu. Lokacin kuɗin man fetur ne. Gwamnatin soja ba ta kai wa ƙauyuka ruwa ba, amma saboda tsabar kulawa takan kai musu harbin 'yan fashi har gida, kyauta. A wancan watan an harbe wani saurayi, Labbo, a bakin kasuwar ƙauyensu, na je na ɗauka don sayarwa. Ana watsewa uwarsa ta riƙe mini riga, ta ce ba a taɓa ɗaukar ɗanta hoto ba, tana son ta riƙa ganin fuskarsa.

A-kori-kura na samu a tasha. Direba ya ce, "Yanzu-yanzu muna tahiya." Yanzun nan tasa sai da hantsi ya dubi ludayi.

Shingen sojoji

Wani kofur ya lalube ni, ya zaro hoton. Fuskarsa ta washe.

"Kai, ka iya aiki! Ga abokina nan na biyu, dubi yadda ya riƙe bindiga. Bar mini."

"Ranka ya daɗe, na uwar wanda aka harbe ne."

"Ita me za ta yi da shi?"

Sai da na yi alkawarin wanko masa babba, na bango, ya sake mu.

Ƙauyen

Mun isa da azahar. Gangunan yashin da aka jingina Labbo suna nan, awaki na shan inuwarsu. Inna, uwar Labbo, ta ba ni fura, na miƙa mata hoton. Ga sojoji a jere, ga manyan gari da babbar riga kamar ranar suna, ga ɗanta ɗaure a jikin turke.

Ta daɗe tana kallo. Sai ta sa babban yatsa ta rufe igiyar, ta sa tafin ɗaya hannun ta rufe sojojin da manyan garin baki ɗaya.

"Ɗan nan, Allah shi yi ma albarka," in ji ta. "Amma ya rame. Ko hura ba su ba shi ba?"

Hawaye ya zubo mini.

Gida

Na shigo Sakkwato da magariba. Na gode Allah da ya dawo da ni lafiya, na kuma gode wa Inna da furarta. Kofur yana nan yana jira.