Ranar da Gwaggo Ta Fizge Hular Mamaci

Wallahi har yau in na tuna abin da Gwaggo ta yi a falon nan na garin Laurel sai in ji raina yana tafasa. Kuma fa tun a mota, da na je ɗauko ta zuwa gaisuwa, na ja mata kunne. Na ce mutanen nan 'yan Zimbabuwe ne, ƙabilar Shona, zaman makokinsu ba irin namu ba ne, duk abin da ta gani ta danne, in mun fito ta sauke a kaina. Ta ce ita da ta binne uwa da uba, ba ni ce zan koya mata gaisuwar mutuwa ba.

Bari in ɗan koma baya. Da na samu aikin kula da tsofaffi a Laurel, gidan Gwaggo a Alexandria, inda nake zaune, ya yi min nisa, sai na kama ɗakin ƙasa a gidan wani dattijo ɗan Shona da matarsa. Shi gadi yake yi a wani sito, ita kuwa kowa Amai yake ce mata, wato uwa, ni ma na bi sahu. Ba wanda ya zaunar da ni ya koya min al'adarsu. Ido na sa, na dame su da tambaya, sauran na kalla a waya a cikin jirgin ƙasa. Na koyi tafa hannu kafin in karɓi abinci, na koyi tuƙa sadza, tuwon masararsu, har Amai ta daina karɓe muciyar daga hannuna. In baƙi suka zo, 'yarta take ce musu.

Sai mijin ya yanke jiki ya faɗi a wurin aiki, bai sake tashi ba. Amai ta daina magana, ta daina ci. In kai mata shayi, in dawo in ɗauke shi ya huce. Tsoro ya kama ni kada ta bi shi.

To su Shona suna da wani da suke kira sahwira. Aminin gida ne, ba dangi ba, aikinsa in an yi rashi shi ne ya yi wa mamacin tsiya a gaban kowa, ko masu kuka sa samu su ja numfashi. Na san da wannan, kuma jiran zuwansa nake yi.

Ranar da Gwaggo ta zo gaisuwa, mun zauna ke nan, mata a ƙasa, maza a kujeru, sai ga sahwiran, wani tsoho, sanye da rigar gadin marigayin da hularsa. Ya turo ciki, yana jan ƙafar hagu, makullai suna kacau-kacau a ƙugunsa. Sak mutumin! Ya wuce kicin yana buɗe tukwane, wai wa ya cinye masa nama tun ba a kai gawarsa gida Zimbabwe ba. Ya dawo ya tsaya a kan Amai ya ce da Turanci, don mu baƙi mu ji:

"Ke, tun muna yara nake ce miki gishirinki ya yi yawa. Yanzu kin ga abin da kika jawo?"

Amai ta toshe baki da gefen zane, kafaɗunta suna rawa. Dariya take yi, hawaye na zuba. Ina kallo ta miƙa hannu wajen farantin da na ajiye mata tun safe.

Sai Gwaggo ta miƙe. Ta ce masa da furfurarsa bai ji kunya ba, ko gawar ba a rufe ba yana wasan kwaikwayo da kayan mamaci a gaban matarsa. Ta kai hannu ta fizge hular daga kansa. Amai ta janye hannunta daga wajen farantin ta mayar cikin zane.

Gwaggo ta juyo gare ni da Hausa: "Tashi ki haɗa kayanki. Ba za ki ƙara kwana cikin mutanen da ba su san mutuwa ba."

Su ne ba su san mutuwa ba? Matar da ta ƙi ci saboda mijinta? Tunda nake ban taɓa yi wa Gwaggo musu ba, amma na ji bakina ya ce, "Ki yi haƙuri Gwaggo, ba inda za ni."

Ta jefar da hular a kan kujera ta fice. Na ɗauka, na durƙusa a gaban tsohon, na tafa hannu yadda matansu suke yi, na miƙa masa. Ya karɓa, amma bai mayar kansa ba, ya je lungu ya cire rigar. Amai ta ce in ƙyale gwaggona, ai daga nesa ta taso don ta gaishe su. Wannan ya fi komai ƙona min rai, ita aka yi wa, ita ke ba da haƙuri. Ran nan haka na ɗauke farantin ba a taɓa ba.

Ina gidan har yanzu. Gwaggo ba ta amsa gaisuwata, ta kuma kai ƙarata wurin mahaifiyata a Kaduna, wai na zaɓi bare na bar jinina. An ce in je in ba ta haƙuri. Na ce zan je, ranar da ita ma za ta zo Laurel ta ba tsohon nan haƙuri.

Ku fa, babbanku ya taɓa kunyata ku a gidan da aka riƙe ku kamar ɗa? Me kuka yi? Ku gaya min, don ni har yanzu ban huce ba.