Bindigar Babana da Gwamnatin Amurka

Shekarun baya, lokacin gadon bayana bai fara ƙara ba, aikin kwashe kayan masu tashi daga gida nake yi. Wata rana aka tura mu unguwar Staten Island a nan Amurka, gidan wani dattijon Bature mai tara tsofaffin bindigogi. Mu akwatuna ne namu, bindigogin shi da kansa yake naɗewa a bargo.

Ina wucewa da kujera a ka sai idona ya faɗa kan wata bindiga mai baki ɗaya. Ƙotarta ta tsage, an ɗaure da ɗanyar fata, irin wadda ake jiƙawa a ja a ɗinke, in ta bushe ta kama kamar ƙarfe. Na ajiye kujerar. Babana maharbi ne, kuma haka ya ɗaure tasa, ina yaro ina riƙe masa bakin fatar. Abin da muka taso da shi a gida shi ne hukuma ta zo garinmu neman bindigogi marasa takarda ta tafi da ita. Har ya rasu yana zancenta.

Abokin aikina, mutumin Kumasi, ya ce, "Maigida, kai duk akuyar da ka gani a duniya ta gidanku ce? Ɗauki kujera mu tafi."

Ban saurare shi ba. Da ɗan guntun Turancina na yi wa dattijon bayani. Mutumin kirki ne, ya bar ni na riƙe ta. Ya ce shi ma a hannun wani ya saya, amma irin wannan gwamnati na ajiye tarihin rajistarta, kuma mai ita yana da ikon ya rubuta ya nema. Ya ce zai nema saboda ni.

Na yi wata da watanni ina jira. Ni da ko takardar asibiti sai 'yata ta karanta min, na koma mai tambayar ina aka kwana a ofishin gwamnati. Ba mallakarta nake so ba, a garin nan ina ni ina ajiye bindiga. So nake in kira mahaifiyata in ce mata, Inna, na ga bindigar Baba, tana nan lafiya.

Da amsa ta zo, dattijon ya turo min hotonta a waya. Sunayen waɗanda suka mallake ta duk an shafe da baƙin layi. Abin da ya rage shi ne shekarar da ta shigo ƙasar nan da yawan hannun da ta canza. Kafin nan babu komai. A wurinsu ranar da ta sauka daga jirgi aka haife ta.

Raina a ɓace na kira gida. Na kwashe labari duka na faɗa wa Inna. Sai na ji tana dariya har da tari.

Ta ce, "Kai wannan, aikin da ka je yi ke nan? Ba tasa ba ce."

Na ce, "Inna, ba ki ma gan ta ba."

"Ba sai na gani ba. Tasa tana cikin tsohuwar rijiyar bayan gida. Ranar da na ji mutanen hukuma suna bin gida-gida yana kasuwa, ni na jefa ta da hannuna. Da an same ta a ɗakinsa da shi za su tafi."

"To me ya sa kika ce sun ƙwace?"

"Ka san ubanka. Da na faɗa masa gaskiya da igiya zai ɗaura a ƙugu ya shiga. Gara ya zagi hukuma yana raye."

Da na ba abokin aikina labari muna cikin motar kaya, sai da ya faka ta a gefen titi don dariya.

Inna ta rasu yanzu, rijiyar kuma an cike ta, ƙanena ya yi ɗaki a kai. Wani lokaci in na gaji nakan tuna yadda na zauna ina jiran baƙi su ba ni labarin gidanmu, alhali mai labarin tana zaune a kan tabarma, kira ɗaya ne tsakaninmu. Ban taɓa tambayarta ba ne kawai. Allah ne ya san sauran abin da ta tafi da shi.