Tsohon da Duk Kawo Ta Koya wa Kwamfuta

Duk wanda ya zauna a Kawo ta Kaduna ya san keken kakana, Alhaji Mamman, ya kuma san abin da ke ɗaure a bayan keken. Wata baƙar laftof ce mai nauyin tsiya, a cikin rigar filo mai furanni, an naɗe ta da robar tsohon tayar keke. Har jaka biyu 'ya'yansa suka saya masa ya ƙi karɓa, wai jaka ɓarawo take kira, amma shi bai taɓa jin wanda ya saci filo ba. Da hantsi sai ya fito yana zagaya unguwa a hankali, yana leƙen majalisun samari. Da ya hango wanda ya fi kowa miƙe ƙafa sai ya jingine keke, ya yi sallama, ya ce, "Samari, wa zai taimaki tsoho? Abin nan ya sake rikice mini."

Da yawanku kun koya masa, na sani. Wasunku har yau suna alfahari da hakan. Ku bari in bi labarin a hankali, don akwai abin da na daɗe ina riƙe da shi a ciki.

Nura mai cajin waya a bakin tasha shi ya fara shan wahalarsa. A lokacin Nura ban da kallon ƙwallo babu abin da yake yi da waya. Alhaji ya dire laftof a kan teburinsa ya ce, "Wasiƙa nake so in aika wa ɗana a Legas, irin wadda ba a manna mata kan sarki."

"Imel ke nan, Alhaji."

"Shi ɗin. Koya mini."

Nura kansa bai taɓa aika imel ba, amma ina bakin faɗa a gaban direbobi? Ya ce a dawo gobe. Ya je ya tambayo, washegari ya zauna ya nuna komai dalla-dalla. Alhaji ya gyaɗa kai, sannan ya ɗaga maus, linzamin kwamfutar, sama yana nuna allo da shi kamar rimot ɗin talabijin, ya ce, "Ban gane ba." Sati uku aka yi a haka. Yau hoto yake son haɗawa, gobe takarda, jibi kuma ya manta na shekaranjiya. Ran nan haƙurin Nura ya ƙare ya ce, "Alhaji, wallahi da akuya ce ta zauna a nan da tuni ta iya."

Ko a jikinsa. Cewa ya yi, "To kawo akuyar ta koya mini, wataƙila ta fi ka bayani."

Yanzu Nura ne ke da shagon nan mai kwamfuta biyar da ɗalibai ke bin layi ana cike musu fom.

Akwai kuma ranar da ya zo majalisar bakin masallaci yana washe baki, wai saƙo ya shigo masa ya ci kyautar mota, lambobin katinsa na banki kawai ake jira. Samari suka yi masa caa, har wani ya riƙe masa hannu. Ya ce, "Ta yaya kuka san ƙarya ce? Ga sunana sun rubuta daidai, har da Alhaji." Bai bar su ba sai da kowa ya kawo dalilinsa, wanda ya ce "an sani ai" kuwa ya sha tambaya har ya yi nadama. Ana cikin haka wani Sadiƙu ya zaro wayarsa ya duba, ashe shi ma irin saƙon ya samu, kuma ya yi niyyar tura nasa lambobin da yamma. Da aka kira la'asar Alhaji ya miƙe yana kaɗe riga ya ce, "Shi ke nan, na bar musu motar. Dama ban iya tuƙi ba."

Ni a lokacin dariya ba ta gabana. Ina da difloma a ilimin kwamfuta, ina kuma shekara ta uku a zaune a gida. Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba shi ne a kan allon aji, da alli, aka koya mana kwamfutar. Ɗakin da na'urorin suke kullum ko a kulle ko babu wuta. Na haddace ma'anar komai, na ci jarrabawa da kyau, amma idan aka ajiye mini kwamfuta a gaba sai in rasa inda zan fara. Sau biyu aka kira ni gwajin aiki, sau biyu na kunyata. Shekarata ashirin da tara, kuma duk tallar aikin da na gani cewa take yi kada mutum ya wuce talatin. Na daina zuwa biki da suna don kada a tambaye ni ina aka kwana. Tsoro nake ji ƙwarai, tsoron takardar nan za ta tsufa a akwati tare da ni.

Wata safiya sai ga keke a ƙofar gidanmu. Ya shigo da filonsa a hammata ya ce, "Amarya, an ce ke ce mai digirin abin nan."

"Difloma ce, tsoho. Kuma ka daina ce mini amarya, ka yi mini tsufa."

"Kin yi asarar miji mai keke. Zauna ki taimake ni."

Wai so yake a rubuta masa sunayen jikokinsa da tattaɓa-kunnensa duka, kowa da ranar haihuwarsa da garin da yake, don ya gaji da kiran yaro da sunan wansa. Na fara kame-kame, Mama ta leƙo daga kicin ta ce, "Haba Bilkisu, ki taimaka wa Baba mana, ai karatunki ne." Babu hanyar gudu. Kwana huɗu na yi ina fama, ina duba yadda ake yi a wayata a ɓoye. Da na gama na juya masa allon ina jin kaina. Ya matso da tabarau, ya miƙa hannu ya danna wani wuri, komai ya ɓace.

Ya ce, "Af. Yatsana ne ya zame."

Kuka na yi sosai, irin na mai shekara biyar. Ya jira na lafa sannan ya ce, "Ke da kika yi karatu, ba a dawo da shi?"

"Ba a dawowa."

"Haka aka ce miki, ko kin duba?"

Don haushi na duba. Ashe ana dawowa. Daga nan ya buɗe mini wuta: a jera su daga babba zuwa ƙarami, a ware mata daban, a fitar da na Kaduna kaɗai, a sa hoton kowa a gefen sunansa. Kuma duk bayanin da zan yi sai da Hausa, wai Turancinsa a ofis ya baro shi ranar da ya yi ritaya. Na ce masa folda akwati ce, takardun kuma su ne tufafin. Ya ce, "To akwati a cikin akwati fa?" Na ce ana yi. Ya ce, "Haka kakarki take yi, shi ya sa shekara goma ban ga jar hulata ba."

Idan na ce haka aka koya mana sai ya waiga hagu da dama ya ce, "Wanda ya koya mikin yana nan? To ke nake tambaya." Wata bakwai muka yi a haka. Na sha rantsuwa cewa gobe ba zan buɗe masa ƙofa ba, gobe ta yi in buɗe.

Saura wata biyu in cika talatin wata cibiyar koya wa mata kwamfuta a unguwar Doka ta nemi malama. Gwajin nasu shi ne mutum ya koyar a gaban masu ɗaukar aikin, ɗaya daga cikinsu, wata hajiya mai tabarau, ta zama ɗaliba. Wadda ta shiga kafin ni ta fito tana fifita da mayafi tana cewa, "Matar can da gangan take yi, komai aka faɗa sai ta ce ba ta gane ba." Na shiga da sanin cewa idan wannan ya kuɓuce babu wani a bayansa.

Ban kai ko'ina ba hajiyar ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, idan na kashe kwamfutar, rubutun nawa ina yake zuwa?"

Saura kaɗan in yi dariya. Tambayar nan Alhaji ya yi mini ita ta fi sau goma, kuma tasa ta fi muni, don shi har sai ya leƙa ƙarƙashin laftof ɗin. Na amsa mata. Ta ce ba ta gane ba, na sake ta wata hanya. Ta maimaita, na kawo ta uku, ina kuma da ta huɗu a ajiye. Sai a lokacin na lura tsoro ya bar ni. A ƙarshe ta cire tabarau ta ce, "A ina kika taɓa koyarwa?"

Na ce, "Ɗalibi ɗaya na taɓa yi, ranki ya daɗe, kuma har yanzu bai iya ba."

Ranar da takardar ɗauka ta fito, gidansa na fara nufa. Na same shi a zaure da baƙo, wani dattijo Malam Bitrus daga Mando, wanda suka yi aiki tare. Na zuba labari ban ko tsaya numfashi ba, na ƙare da cewa wahalar koya wa tsohon nan ce ta yi mini rana. Baƙon ya dube ni, ya dubi Alhaji, ya ce, "Wa ya koya wa wa?"

Alhaji ya fara tari yana taka masa ƙafa, amma baƙon bai lura ba.

"Yarinya, tun lokacin da kwamfuta take cika ɗaki guda a sakatariya, mabuɗin ɗakin a aljihun mutumin nan yake. Shi aka tura kwas ƙasar waje, ya dawo ya koya mana duka. Oga, wasa kuke yi da ita?"

Mu jikoki abin da muka sani kawai shi ne ya yi aikin gwamnati. Idan muka tambaya sai ya ce takardu yake kaiwa daga wannan tebur zuwa wancan. Na tsaya riƙe da takardata na kasa ko zama.

Na ce, "Tsoho. Wata bakwai."

"Da kwana tara."

"Yatsan da ya zame fa?"

"Yatsan nan tun kafin a haifi uwarki bai taɓa zamewa ba. Kuma sai da na ajiye kwafi kafin in goge, ni ba mugu ba ne."

"Me ya hana ka koya mini kawai?"

Sai ya daina murmushi. Ya ce, "Shekara nawa aka yi ana koya miki, me ya zauna? Ku yaran yanzu idan tsoho ya ce zo in koya maka, sai waya ta kira ku. Idan ya ce zo ka koya mini, kunya ba ta barin ku ku ce ba ku iya ba, dole ku je ku nemo. Nemowar nake so ku iya, don abin nan kullum canzawa yake. Nawa ilimin ma ya tsufa. Rabin tambayoyin da na yi miki na gaske ne."

Ashe da Mama aka haɗa baki, ita ta kai masa kukan cewa na daina fita. Kakata ma ta sani, shekara da shekaru tana kallon ana jan mijinta da wasa ba ta ce uffan ba. Kafin in bar zauren ya sa na yi alkawarin yin shiru, wai akwai yara huɗu da yake karatu a hannunsu yanzu, kada in ɓata masa aiki.

Shekara shida na riƙe alkawarin, kuma wallahi ban taɓa ɗaukar abu mai nauyinsa ba. A gabana ake cewa, "Allah sarki Alhaji, yana da naci amma kan ya ƙi ɗauka." A gabana yaran da ba su kai jikokinsa ba suke daka masa tsawa don ya danna inda bai kamata ba, shi kuma ya ce, "Yi haƙuri, malam." Mutumin da manyan ma'aikata suke miƙe wa tsaye ya yarda a ɗauke shi daƙiƙi a unguwarsu har ƙarshen rayuwarsa, don dai 'ya'yan mutane su sami abin yi. Na ga masu kyauta da dukiya da yawa, amma wanda ya yi kyauta da girmansa shi kaɗai na sani.

Da ciwo ya kwantar da shi na je duba shi, ya kama hannuna ya ce, "Idan na tafi kin sami izini, ki faɗa. Amma ki bari a share makoki tukuna, kada malamaina su ji haushi su ƙi yi mini addu'a."

To an share, ga shi na faɗa. Malamansa, na san ba za ku ƙi ba.

Ya Allah, ga bawanka Mamman ya zo gare Ka. A duniya ya ɓoye saninsa don mu mu sani. Ka daidaita harshensa a wurin tambayar kabari, Ka sa ya amsa nan take ba tare da gargada ba. Ka yafe masa, Ka haskaka makwancinsa, Ka sa duk abin da hannuwanmu suka samu na halal ya zamo yana da lada a ciki. Amin.