Mutumin da ya ba ni fis in riƙe

Da safen nan aka kira ni daga Kafanchan. Baba Garba na Reluwe ya rasu.

Autarsa Hadiza ce ta kira. Ta ce ya dawo daga sallar asuba, ya kwanta, shi ke nan. Na ajiye waya na zauna a bakin gado da takalmi ɗaya a ƙafa.

Yawancinku ba ku san shi ba, don haka bari in faɗi ko shi waye.

A shekarun casa'in, da na gama makaranta da bautar ƙasa, na samu aikina na farko a wani ƙaramin kamfanin roba a bakin gari. Kwalaben roba masu faɗin baki muke yi, irin waɗanda ake zuba zuma da garin citta da man shafawa. Inji biyu ne. Na farko yana narkar da roba ya tura ta cikin mol, sai firifom ya faɗo, wato ɗan kofi mai kauri wanda bakinsa ya riga ya samu zaren murfi. Na biyu yana ɗumama firifom ɗin, ya hura masa iska ya zama kwalba. Aikina shi ne auna bakin, in tabbatar murfi zai zauna.

Mol ƙarfe biyu ne masu nauyi da suke buɗewa su rufe. In suka rufe a kan sifana, sifanar ba ta sake yin aiki.

Baba Garba ne mai kula da shi. Ya yi ritaya daga gyaran kan jirgin ƙasa, shi ya sa ake ce masa na Reluwe.

Ranar da na fara aiki, ya dubi gyalena ya ce, “Injiniya, ko ki ɗaure shi tam ko ki bar shi a gida. Injin nan ba ya tambaya.” Washegari ya kawo mini rigar aiki ta ɗansa, an rage mata hannu.

Kowace Asabar ake tsayar da inji a yi wa mol hidima. Zai goge tsohon giris da tsumma mai tsabta daga sanduna huɗun da mol ke bi in zai rufe, sannan ya shafa sabo da ɗan yatsa, kaɗan, har sai ƙarfen ya yi ƙyalli kawai. Haka ma ƙananan ƙarafan da ke zamewa su fitar da zaren murfi. Giris ba ya barin ya kusanci ramin da roba ke shiga, domin abin ci za a zuba a kwalbar. In roba ta maƙale, da sandar tagulla yake ciro ta, ba ya yarda sukundireba ta taɓa fuskar mol.

Duk wannan sai ya zura hannu, wani lokacin har kafaɗa, tsakanin ƙarafan biyu.

Injin tsoho ne, na hannu aka sayo. Yana da ƙofar kariya wadda ya kamata ta kashe shi in an buɗe ta, amma makunninta ya lalace kuma ba a samu irinsa ba. Don haka kafin ya shiga, Baba yakan cire fis daga akwatin wuta.

Na taɓa tambayarsa me ya sa ba zai sa fis ɗin a aljihunsa kawai ba.

Ya ce, “'Yata, a garin nan wa ya taɓa jiran fis? Wani zai zo ya ga babu, ya ɗaura waya, ya ce ya taimaka.”

Saboda haka dole wani ya riƙe fis, ya kuma jingina bayansa da akwatin har Baba ya fito. Ni ya zaɓa.

A lokacin garin bai gama warkewa daga rikicin addinin da ya faru ba. A kamfani ma, lokacin cin abinci, kowa da bencinsa. Isiyaku mai tuƙa motar kaya ya ce masa a gabana, “Baba, duk mazan nan ba ka ga wanda za ka ba hannunka ba sai 'yar coci?”

Baba bai ɗago ba. Ya ce, “Kai da in mai rake ya wuce sai ka bi shi? Ita wannan tsoro gare ta. Mai tsoro nake so.”

Gaskiya ya faɗa. Ina auna abu sau biyu in koma in sake aunawa. Ina kulle ƙofa in dawo in murɗa ta.

Wata ranar Laraba, ɗaya daga cikin ƙarafan zaren murfi ya riga ya fara cijewa tun kafin a ɗauke wuta. An yi kwanaki babu wuta, sai Baba ya ce bari ya kwance shi tun da dama inji a tsaye yake. Ya cire fis ya ba ni, ya shiga. Yana ciki wuta ta dawo.

Akwati ɗaya ne ke ba injinan biyu wuta. A waje kuma akwai wani kwastoma daga Jere da ya kwana yana jiran kwalaben zuma. Manaja ya fito daga ofis da sauri. Hausarsa ta kasuwa ce, kowa “kai” ne a wurinsa.

“Kai, Madam Injiniya, sa fis. Injin hurawa kawai za mu tayar. Wancan an kashe shi.”

An kashe shi, haka ne. Amma sau ɗaya na taɓa ganin famfon injin, wanda ke rufe mol, ya tashi da kansa lokacin da wuta ta dawo. Sau ɗaya, ba sau biyu ba. Na dai matse fis a hannu, na ƙara manne bayana da akwatin.

Manaja ya sake faɗa. Ya faɗa da Turanci. Sai ya ce wa Isiyaku ya kawo waya.

Baba ba zai iya fitowa ba, domin da hannu ɗaya yake tallafe da ƙarfen, noti kuma rabi a kwance. In ya saki, zai faɗo ya karce fuskar mol. Daga can ciki muka ji muryarsa.

“Oga, zo ka riƙe mini wannan ƙarfen. Ni in fito in sa maka fis.”

Manaja bai je ba. Isiyaku ma ya tsaya da wayarsa a hannu yana kallon rufi.

Da Baba ya gama ya fito, ya goge hannu, ya karɓi fis ya sa da kansa.

Zan faɗi yadda aka yi daidai. Injin bai motsa ba. Famfo bai tashi ba. Ko ƙara bai yi ba.

Manaja ya ce, “Kun gani?” Wutar kuma ba ta daɗe ba ta sake ɗaukewa, mutumin Jere ya tafi da rabin kaya. Kafin a tashi aiki aka ce in zauna a gida har sai an neme ni, saboda ƙin bin umarni.

Ban gaya wa mamana ba sai ranar Lahadi bayan sujada. Ƙannena biyu suna makaranta, kuma kowa a gidanmu ya san aikin nan ne ya rage mana.

Abin da ya faru a bayana, Isiyaku ne ya ba ni labari.

Ranar Asabar Baba ya zo da wuri kamar kullum. Ya jera gwangwanin giris da tsumma da sandar tagulla a kan benci, ya zauna. Manaja ya tambaye shi me yake jira. Ya ce mai riƙe fis. Aka ce ga Isiyaku, ya ce a'a. Aka ce ga Yohanna na injin hurawa, ya ce Yohanna yaron kirki ne amma yana jin maganar manya. Manaja ya ce to shi da kansa zai riƙe.

Baba ya ce, “Oga, ranka ya daɗe, kai kana da sauri.”

Bai yi faɗa ba, bai ce ya bar aiki ba. Ya gyara famfon ruwa, ya wanke bututun da ke sanyaya mol daga waje, ya share wurin. Hannunsa ne kawai bai shiga tsakanin ƙarafan ba.

Mol ya ci gaba da aiki babu sabon giris. Cikin makon ya fara kuka in zai rufe. Sannan firifom ya fara fitowa da ɗan gashin roba a baki, murfi ba ya zama. Ban da Baba, babu wani a yankin da zai iya kwance shi in ya cije, kuma babu na biyu.

Ina shanya kaya a tsakar gida na ji hon ɗin motar kamfani. Isiyaku ya leƙo ya ce, “'Yar coci, Oga ya ce ki zo. Ki taho da tsoronki.”

Babu wanda ya ba ni haƙuri, ni ma ban nema ba. Na sa rigar aiki, Baba ya miƙo mini fis ba tare da ya kalle ni ba, ya zura hannu.

Mun yi shekaru a haka har kamfanin ya rufe. Da azumi yakan kawo mini ƙosan matarsa na jiya. Da Kirsimeti yakan zo ya gai da mamana, ya ci shinkafa, ya ce yajin ya yi kaɗan.

Rabona da shi bara, da na je gida biki. Na same shi a zaure, ido ya yi rauni, amma ya gane muryata.

“Injiniya! Har yanzu kina da tsoro?”

“Har yanzu, Baba.”

“Madalla.”

Na ce masa akwai abin da ya daɗe yana damuna. Ranar nan injin bai motsa ba. Wataƙila da na sa fis ɗin babu abin da zai faru, kuma shi da bai sa nasa aikin a haɗari saboda ni ba.

Ya ce, “Ni ai ba injin na ba amana ba.” Sai ya kira Hadiza ta kawo mini ruwa.

Ya bar aiki da yatsunsa goma cur. Waɗanda suka yi aikin mol a wancan zamani sun san ba kowa ne ya samu haka ba.

Ba zan iske jana'iza ba, an ce kafin azahar za a kai shi. Gobe in Allah ya yarda zan je ta'aziyya.

Allah ya jiƙan Baba Garba, ya gafarta masa, ya sa ya huta. Allah ya ba matarsa Hajiya da Hadiza da sauran yara haƙuri. Duk wanda ya karanta wannan, a masallaci kake ko a coci, don Allah ka ambaci sunansa a addu'arka yau.